Yadda Ake Ɗaura wa Tsohon Babur Akwatunan Tafiya Ba Tare da An Tafi Ba

Ɗan'uwa, idan kana da tsohon babur, kana kuma da wata tafiya da ta zama dole amma ƙafarka ta ƙi ɗaguwa, gyara zama ka karanta. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka samu aƙalla sati shida kana cikin gidanka, kana cin tuwon matarka, jama'a suna yaba maka himma. Ba wanda zai ce ka ƙi zuwa. Kowa zai ce kana shiri.

An gwada hanyar nan a Zangon Sokode, a kan babur ɗin maƙwabcina Malam Issifou, mai makarantar allo ta bayan mahauta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ba doguwa ba. Abin da ban leƙo da idona ba, shi ya ba ni labari da bakinsa.

Mataki na 1: Samo tafiyar da ta fi ƙarfin ƙafarka

Ba kowace tafiya ake yi wa akwati ba. Zuwa suna Bafilo ko ɗaurin aure a ƙauye, robar tub ɗin taya guda ta ishe ka ɗaure kaya. Nemi irin tafiyar da in ka tuna ta kana tsakiyar cin abinci, sai ka ji ka ƙoshi.

Malam Issifou yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Sajo, mai fataucin shanu a Dapaong, kusan kilomita ɗari uku can arewa. Shekara tara ba su yi magana ba. Ba gado ya raba su ba, ba mace ba. Ranar walimar saukar ɗaliban Malam bakwai ce, malaman Zango sun cika rumfa, aka ce Malam ya buɗe da karatu. Yana cikin jan baƙi, murya ta yi daɗi, sai ya tsallake aya ɗaya. Malamai suka sunkuyar da kai don kara. Sajo kuwa, wanda ya taso tun daga Dapaong da rago na gudummawa, yana can baya da kashin shanu a takalminsa, sai ya ɗaga murya ya kawo ayar. Mutumin da ya ajiye allo tun yana izu goma ya bi garke.

Abin da ya fi ciwo shi ne daidai ya kawo ta. Da kuskure ya yi, da tun ranar an shirya.

To, wata Talata a cikin damina waya ta yi ƙara. Khairiya ce, babbar 'yar Sajo.

"Baffa, Baba ba shi da lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura, likita ya ce hanta ce. Ya ce a gaya maka."

"Ya ce in zo?"

"Cewa ya yi a gaya maka, Baffa."

Bakin Malam bai rasa abin faɗi ba. "To, Allah ya ba shi lafiya. Ki ce ina nan tafe."

Haddace wannan magana. "Ina nan tafe" ba ta da rana, ba ta da wata. Mutum yana iya faɗarta a kishingiɗe.

Mataki na 2: Ƙi mota

Mota ce babbar abokiyar gabarka. Ka shiga da hantsi, kafin la'asar an sauke ka a Dapaong ba ka gama tsara abin da za ka faɗa ba.

Safiyatu, matar Malam, ta ce, "In haɗa maka jaka ka bi motar safe?"

"Mota tana sa ni jiri."

"Tun yaushe, Malam?"

"Ke ba ki san jikin mutum yana canjawa ba?"

Ya ce da babur ɗinsa zai tafi. Babur ne ɗan Japan, shekararsa ashirin da biyu, an ce ja ne a da. Ba ya tashi sai a kik na bakwai, kuma a rayuwarsa bai taɓa wuce Kara ba. Ga Safiyatu Malam ya ce babur ya fi iska. A ransa kuwa lissafin daban ne: wanda ya zo da abin hawansa, in an yi masa kallon banza a ƙofar gida, yana iya juyawa nan take, ba sai ya zauna a tasha yana jiran mota ta cika ba.

Mataki na 3: Zaɓi akwatin da ba don babur aka yi shi ba

Kwana biyu bayan wayar, Malam ya je gidan mai na babban titi. Can ya tarar da Turawa biyu 'yan yawon duniya, da babura kamar bijimai, kowanne da akwatunan alminiyum hagu da dama da baya. Ya kewaya su sau uku. Ya duƙa ya dubi ƙarafan da suka riƙe akwatunan, ya ƙirga notuka, sai ya ji wani sanyi a ransa. Wannan aiki, ya ce, ba na yini ɗaya ba ne.

Ga ƙa'ida. Kada ka kuskura ka nemi akwatin da aka ƙera don babur. Irinsa da yamma ɗaya ake ɗaurawa, ka ga ka cuci kanka. Shiga babbar kasuwa ka sayi akwatin kwano irin na 'yan makarantar kwana, guda biyu, mai murfi da marfin kwaɗo. Ka kawo gida, ka gwada, ka ce sun yi girma, ka mayar. Ka karɓo ƙanana, ka ce sun yi kaɗan, ka koma ka karɓo na farko. Sati ɗaya ya tafi, mai shago kuma ya san kai mutum ne mai tsantseni.

Malam ya ƙara na uku. Wannan na littattafai ne, manyan mujalladai takwas na tafsiri da fiƙihu. Ba karanta su zai yi a Dapaong ba. So yake a sauke su a tsakar gida a gaban mai gida, a san wanda ya zo. Littafi kuwa ba ya zama daidai da ƙafa, don haka akwati na uku ya hau kan kujerar baya ya cinye ta duka.

Mataki na 4: Kira mai walda, amma a gida

Tsohon babur ba shi da huji ko ɗaya da za a maƙala akwati, sai an ƙera masa ƙarfe. Malam ya kira Alassani, Bakotokole mai walda a bakin tasha, mutum mai furfura a gemu da saurin hannu. Saurin hannun nan ne matsalarka.

Alassani ya dubi babur, ya dubi akwatuna. "Alfa, kawo shi gareji. Yini ɗaya na gama."

Kada ka yarda. Ka ce babur yana jin kunyar jama'a, ko ka ce kana son aikin ya kasance a kan idonka. Malam ya ce a tsakar gida za a yi. Wutar gidan ba ta ɗaukar injin walda, sai da aka nemo janareto. Janareto ya zo, ruwan sama ya sauko. Ruwa ya ɗauke, Alassani ya tafi jana'iza ƙauyensu.

Da aka fara, aikin ya tafi kamar haka, kuma ka rubuta don gaskiya ne. A cire batir, a kwance tanki a kai shi nesa da tartsatsi. A yanka ƙarfe a yi firam mai kusurwa huɗu kowane gefe, a kama shi da kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, daga sama, a ja masa tokara zuwa wurin taka ƙafa daga ƙasa, a haɗa hagu da dama ta bayan lamba don kada su riƙa lilo. Sannan a huda akwati a ɗaure shi da noti huɗu. Duk wannan aikin yini ne. Abin da zai mai da shi kwana goma sha ɗaya shi ne zare. Riƙe zare a hannunka. Duk sanda aka gama gefe ɗaya, ka auna, ka girgiza kai, ka ce hagu ya fi dama tsawo da yatsa.

"Alfa, yatsan wa? Yatsanka ko yatsana?"

"A yanke a sake."

Ranar da aka gama, babur ya tsaya a tsakar gida kamar jakin da aka yi wa mangala. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Malam ya hau, ya buga kik bakwai, ya nufi zaure, sai ji muka yi ƙwaram. Alassani ya zagaya gaba, ya zagaya baya.

"Alfa, ƙofa ya yi ƙarami."

A nan ake gane gwani. Hanya biyu ce a gabanka: ka kwance noti takwas ka fitar da babur ka mayar a waje, ko ka faɗaɗa ƙofar zaure. Zaɓi ƙofa. Magini kwana huɗu, kafinta biyu, siminti kuma ba ya son a yi masa gaggawa.

A ranar da ake rushe gefen ƙofa Khairiya ta sake kira. Ta ce an kwantar da Baba asibiti kwana biyar an sallamo shi, an ce a je gida a ci gaba da magani. Malam ya san ma'anar wannan magana, ya sha faɗa wa wasu ita. Ya toshe kunne ɗaya saboda ƙarar guduma ya ce, "Kin ji ai, aikin ake yi. Ina nan tafe." Da ya kashe wayar ya daɗe tsaye yana kallon ɓaraguzan bulo, har magini ya ce ya matsa.

Mataki na 5: Daidaita nauyi, ka yi gwaji, ka shafa fenti

Akwatin hagu da na dama dole nauyinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba babur zai riƙa ja gefe. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa yake da amfani. Uzurin da babu gaskiya a cikinsa ba ya kai sati.

Aro sikelin mahauta. Malam ya zuba doya da man kaɗe a dama. A hagu ya sa garin rogo, zuma, jarkar rubutu da ya wanke da hannunsa, da sifanu. Dama ta fi. Ya mai da doya ɗaya hagu, hagu ta fi. Ya yanka doyar biyu, Safiyatu ta ɗauke ta ta dafa, aka koma farko.

Sai gwaji. Ba a fita doguwar tafiya da sabon ƙarfe ba a gwada ba. Amma lura da kyau: Dapaong tana arewa, don haka gwajinka kudu za ka yi shi. In ka gwada ta arewa, kana iya samun kanka a Bafilo, zuciya ta ce tunda an zo nan a ƙarasa. Malam ya nufi Aouda. Ya je lafiya, ya dawo lafiya, ya kuma sayo sabuwar doya a can, wadda ta rushe duk awon da aka yi.

Daga nan fenti. Kore ya zaɓa. Fenti a damina ba ya bushewa da wuri, in ya bushe kuma yana son shafi na biyu.

A lokacin duk Zango an san Malam zai je duba wansa. A masallaci ana cewa, "Kai, Malam akwai zumunci. Dubi irin shirin da yake yi." Wani ya kawo goro a kai wa mara lafiya, wata ta kawo daddawa. Malam yana karɓa yana godiya, yana komawa ga sikeli. Sai dai abinci ya daina shiga, kuma in waya ta yi ƙara sai ya bar ta ta yi uku kafin ya duba sunan.

Mataki na 6: Kada ka bar waya a hannun matarka

Wannan matakin ne Malam ya faɗi, ka kiyaye.

Ranar Laraba ta sati na shida, da hantsi, yana tsugune yana shafa wa murfin akwatin hagu shafi na biyu. Safiyatu ta fito daga ɗaki da mayafi a kafaɗa, jaka a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ta danna saƙon murya ta ajiye wayar a kan akwatin littattafai.

Muryar Khairiya ce, tana yi wa Safiyatu bayanin magani da abin da yake iya ci. Tana cikin magana sai aka ji babur ya wuce a bayanta. Sai wata murya daga nesa, siririya, wadda Malam bai gane ba da farko.

"Khairiya, leƙa. Shi ne?"

"Ba shi ba ne, Baba. Zemijan ne, ɗan acaɓa." Ta dawo ga wayar, ta rage murya. "Inna, haka yake yi duk babur ɗin da ya tsaya. Ni na gaji da leƙawa."

Saƙon ya ƙare. Fenti yana ɗiga daga buroshi a kan ƙafar Malam. Muryar da ya sani ta Sajo ita ce wadda ake ji daga wannan ƙarshen kasuwar shanu zuwa wancan.

"Ina za ki da jaka?"

"Tasha. Ni mota ba ta sa ni jiri." Ta gyara mayafi. "In na isa za su tambaye ni ina Malam. Zan ce yana gida yana fenti. Ko akwai abin da kake so in ƙara?"

"Fentin bai bushe ba, Safiya."

"Iskar hanya za ta busar da shi."

Ya dube ta, ta dube shi. Shekara ashirin da shida suna tare, bai taɓa ganin ta ɗauki jaka ba ta tambaye shi ba. Ya ajiye buroshi, ita ma ta ajiye jaka. Ya shiga ya sa babbar riga, ya ɗaura hular kwano a kan hularsa, ya aika a gaya wa abokinsa Malam Siddiƙ ya riƙe masa makaranta. Ranar babur ya tashi a kik na biyu. Malam ya ce bai taɓa jin haushin inji kamar na ranar ba.

Mataki na 7: A hanya, nemi abin da zai tsayar da kai

In an kore ka daga gida, kada ka yanke ƙauna. Kilomita ɗari uku suna da yawa, kuma ka ɗora wa tsohon inji kayan da ya fi ƙarfinsa.

A hawan dutsen Alejo tayar gaba ta riƙa ɗagawa saboda nauyin baya, sai da Malam ya kwanta a kan tanki kamar mai neman gafara. Da ya gangara Bafilo ya ji ƙamshin gasasshiyar doya yana bin sa. Ya duba hagu da dama bai ga mai gashi ba. Ashe akwatin dama yatsa uku ne tsakaninsa da salansa. Duk awon zare da aka yi, ba wanda ya auna nan. Man kaɗe ya narke ya bi huji yana ɗiga, doyar ƙasa ta gasu gefe ɗaya. Ya tsaya, ya raba wa masu jiran mota, ya ci tasa da su, ya nemi guntun katako ya tokare tsakani. Awa biyu. Ya wuce Kara da la'asar, ya kwana a Kante wurin wani abokin karatunsa.

Washegari, bayan gadar Mango, ya tarar da shingen jandarmomi. Ransa ya yi fari. Akwati uku, kwaɗo uku, bincike zai ci awa guda, in an yi sa'a a ce a sauke komai. Ya tsaya tun ba a tsayar da shi ba, ya fara laluben makullai.

Jandarman ya dubi koren fenti da ƙwari suka manne a jiki. "Baba, ina zuwa da wannan kaya haka?"

"Dapaong. Wana ne ba lafiya. Bari in buɗe maka."

"Jikin ya yi tsanani?"

"An sallamo shi daga asibiti."

Jandarman ya ɗaga igiya da kansa. "Wuce, Baba, wuce. Kada ka ɓata lokaci."

Ka gani ko? Wani lokaci har hukuma ba ta taimakon mutum.

Saura kilomita kaɗan ya shiga gari, ya ratse ƙarƙashin wata ɗorawa. Gero ya yi kore ko'ina, hadari yana haɗuwa a gabas. Ya fito da sifana ya bi notukan nan ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke tam. Ya sake bi. A karo na uku ya zauna a kan saiwa da sifanar a hannu. Ya ce da ni a nan ne ya gane ba mutuwar Sajo ce kaɗai take ba shi tsoro ba. Sallamar ce. Wa zai fara? In ya ce "Yaya" aka ƙi amsawa fa? In kuma ya isa ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane zaune, me zai ce ya tsayar da shi? Ya juya ya dubi akwatunan, kore shar, da kwaɗo uku suna lilo. Ya ji kunyar da bai ji irinta ba ko a ranar walima. Ya jefa sifana a aljihu ya hau.

Mataki na 8: Yi sallama

Babu tabarmi a ƙofar gida. Khairiya ce ta leƙo, da alamar wadda ta gaji da leƙawa. Ta tsaya, ta rufe baki da hannu, ta juya da gudu.

Sajo yana kwance a kan katifa a ƙasa. Fuska ta zube, ido ya yi rawaya, ƙafafu kamar turame. Malam ya tsaya a bakin ƙofa, duk jawabin da ya tsara tun daga Sokode ya gudu. Ya manta ma bai cire hular kwano ba.

"Salamu alaikum, Yaya."

"Wa alaikumus salam." Sajo ya daɗe yana kallonsa. "Tun daga kwana na ji ka. Injin nan yana son sabon buji, wuta ba ta kamawa daidai."

"Yana so."

"Cire kwanon nan in ga fuskarka. Kai, ka tsufa, Issifou."

Malam ya durƙusa a gefen katifa ya kama hannunsa. Hannun da yake kayar da bijimi ba shi da nauyin komai. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon ɗaki.

"Ranar nan," in ji Sajo, "da na kama bakina."

"Da ka kama, da na wuce da ita a tsallake a gaban yara."

"Ai na sani. Amma da na bari sai an watse."

"Da ka bari."

Iyakar abin da aka ce ke nan a kan shekara tara. Khairiya ta shigo da ruwa ta tambaya ko a sauke kaya. Malam ya ce a sauke doya da zuma da rubutu. Da ta tambayi akwatin saman, ya ce a bar shi a rufe, ba abin da ake bukata a ciki.

Mataki na 9: Kwance

Kwana biyu bayan haka ranar kasuwar shanu ce. Tun da safe Sajo ya kasa kunne yana jin motoci suna wucewa da dabbobi. Wata uku rabonsa da kasuwar.

"Issifou, kai ni kasuwa."

Khairiya ta ce, "Baba, likita ya hana. Kuma ba ɗan acaɓar da zai yarda ya ɗauke ka a haka."

"Ba ɗan acaɓa na tambaya ba. Ƙanena na tambaya."

Malam ya fita ya dubi babur. Babu wurin zaman mutum na biyu, akwatin littattafai ya cinye kujera. Ko an sauke shi, ƙarafan gefe ba za su bar kumburarriyar ƙafa ta sauka ba. Ya sauke littattafai da hannu biyu ya kai ɗaki ya ɗora a kan kabad. Ya kwance noti takwas. Firam ɗin kuwa walda ce, ba ta san sifana ba. Ya aro zarto da guduma a maƙwabta, ya tuɓe babbar riga. Aikin da ya ci sati shida, da janareto da magini da sikelin mahauta, kafin shayi ya huce yana zube a tsakar gida.

Mutum biyu suka ɗago Sajo suka ɗora shi a baya. Ba shi da ƙarfin riƙewa, sai Khairiya ta kawo zane ta ɗaure shi a bayan ƙanensa, kamar goyo, ta ƙulle a ƙirjin Malam. Tana ƙullewa tana kuka tana dariya. Suka tafi a giya ta ɗaya, mai tafiya a ƙasa yana iya gaishe su ya amsa.

A bakin kasuwa wani dillali ya hango su ya yi kururuwa, "Sajo ne! Wallahi Sajo ne!" Kafin Malam ya kashe inji an kewaye su. Ba a kwance zanen ba, a kan babur ya karɓi gaisuwa. Ya buɗe hanci ya shaƙi warin garke da taɓo, Malam yana jin numfashin a bayansa. Aka jawo wani farin bijimi kusa, ya miƙa hannu ya shafa tozo, ya leƙa haƙori, ya ce wa mai saye kada ya yarda, wannan ya fi shekarun da aka faɗa masa. Mai sayarwa ya rantse, jama'a suka fashe da dariya. Muryar ta ɗan dawo.

A hanyar komawa ya kwantar da kansa a kafaɗar Malam. "Kada ka yi sauri," ya ce.

"Ai ba ya sauri, Yaya."

"To, bi ta doguwar hanya."

Suka bi ta doguwar hanya.

Sajo ya rasu bayan kwana goma. Malam Issifou ne ya yi masa wanka, shi ya sallace shi. Safiyatu ta zo a mota. Da aka share makoki Malam ya dawo Sokode da littattafansa a ɗaure da robar tub, a yini ɗaya.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba makanike ba ne, ba mai walda ba ne, bai taɓa mallakar babur ba. Ba ya ɗaukar alhakin doyar da ta ƙone, ko ƙofar da aka rushe, ko matar da ta ɗauki jaka. Sati shida na yi maka alkawari, kuma in ka bi matakan nan da kyau za ka same su cif. Abin da ban yi maka alkawari ba shi ne wanda ke can zai jira. Malam Issifou ya samu kwana goma sha biyu da wansa. Ba akwati ne ya ba shi su ba, ba ni ba ne, kuma ban ce kai ma za ka samu ba. In ka isa ka tarar da tabarmi a ƙofar gida, kada ka neme ni.